Wace Mota Ce Ta Fi Ƙarko? Darasi Daga Titunan Birnin New York

A kowace tashar mota ta ƙasar Hausa, daga Kano har Maraɗi, akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa, watau wace mota ce ta fi ƙarko. Wannan ya ce Peugeot, wadda muke kira Fijo, wancan ya ce Toyota, direban gingimari kuwa ya ce shi bai ga kamar Mercedes ba. Gardamar kuwa ba ta banza ba ce. In aka ɗebe gida, mota ita ce abu mafi tsada da yawancin mutane za su saya a rayuwarsu. Wani tarin shekara goma zai zuba a ciki, wani gona zai sayar, wani kuma bashi zai ci. In zaɓen ya yi kyau motar ta ciyar da iyali ta mayar da kuɗinta. In ya ɓaci, sai mai ita ya koma yi wa makaniki da mai sayar da kayan gyara aiki.

To, akwai wani birni inda aka fi shekara ɗari ana gwada wannan tambaya a kan titi, ana kuma rubuta lissafin abin da aka gani. Birnin nan shi ne New York na ƙasar Amurka, masu gwajin kuwa su ne masu tasi da hukumar kwasar shara. Labarinsu ya cancanci a ji shi, domin amsar da ya bayar ta shafi mai saye a ko'ina yake.

Abin da ya sa New York ta zama wurin gwaji

Tasi mai mita ta fara yawo a New York cikin 1907, sa'ad da wani ɗan kasuwa, Harry Allen, ya kawo motoci 65 daga Faransa. Cikin 1937, zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, aka yi dokar da ta ƙayyade yawan tasi, aka ce ba mai ɗaukar fasinja a bakin titi sai motar da aka manna wa wani tambarin ƙarfe na izini a gabanta. Cikin 1967 aka umarci masu tambarin duka su yi wa motocinsu fenti ruwan ɗorawa, cikin 1971 kuma aka kafa hukumar da ke kula da tasi da motocin haya. Yawan tambarin nan ya tsaya a 13,587.

Wahalar da motar tasi ke sha a birnin nan ba ƙarama ba ce. Bisa ga ƙididdigar da hukumar ta buga cikin 2014, tasi ɗaya takan yi tafiyar mil 70,000 a shekara, watau kilomita 112,000 da 'yan kai. Motar gida a Amurka takan yi wajen mil 12,000 ne. Ke nan shekara ɗaya ta tasi daidai take da shekara biyar ko shida ta motar gida. Da yawa cikinsu direba biyu ke gare su, ɗaya ya kama da asuba ya sauka da la'asar, ɗaya ya karɓa ya kwana yana aiki, har inji ba ya samun sanyi. Tafiyar kuwa ta tsaya-ka-tashi ce, irin wadda ta fi cin birki da giya. Da hunturu ana watsa gishiri a tituna don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa tsatsa yake sa wa ƙarfe. Da bazara zafi yakan tilasta a kunna na'urar sanyaya mota yini guda. Bayan wannan duka, shekaru da yawa doka ta wajabta a kai kowace tasi wurin binciken hukuma a Woodside, cikin yankin Queens, sau uku a shekara.

Mai garejin tasi, wanda ke da mota hamsin ko ɗari, ba ruwansa da kyan fenti ko talla. Tambayarsa ɗaya ce: nawa kowace mil ta ci masa daga ranar da ya sayi motar zuwa ranar da ya rabu da ita? Saboda haka in ka ga masu tasin New York sun taru a kan wata mota, ruwa ba ya tsami banza.

Checker: ƙarfi ba tare da tattali ba

Motar farko da ta yi suna a wannan aiki ita ce Checker, wadda kamfanin Morris Markin ke ƙerawa a garin Kalamazoo na Jihar Michigan tun daga shekarun 1920. Don aikin tasi musamman aka yi ta. Tana da faɗi, ƙofofinta manya, bayanta yana ɗaukar mutum biyar. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 har 1982 kamfanin bai sake mata siffa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wannan ya yi wa masu gareji daɗi, domin ƙofar motar bara takan shiga ta bana, sassan jikinta kuma da ƙusoshi aka ɗaure su, in an yi karo da safe sai a kwance wanda ya lotsa a ɗaura wani, kafin yamma ta koma aiki. Daga tsakiyar shekarun 1960 injin Chevrolet aka riƙa sa mata, wanda kowane makanikin Amurka ya sani.

Duk da haka Checker ta mutu. Tun cikin 1954 birnin ya yarda a yi tasi da motar gida ta yau da kullum, sai manyan kamfanoni irin su Ford da Chevrolet da Dodge suka shigo suna yi wa masu gareji ragi, abin da ƙaramin kamfani mai ƙera 'yan dubbai a shekara ba zai iya ba. Sa'an nan tsadar fetur ta 1973 da ta 1979 ta zo ta sami mota mai nauyin kusan tan biyu. Cikin Yulin 1982 aka ƙera ta ƙarshe. Ƙarkonta dai ba wanda ya musa shi. Checker ta ƙarshe da ta rage a titin New York ƙirar 1978 ce, ba ta bar aiki ba sai Yulin 1999, bayan ta yi kusan mil miliyan ɗaya, aka kuma sayar da ita a gwanjon Sotheby's a kan dala 134,500 don tarihi. Darasi na farko ke nan: mota tana iya yin ƙarko amma ta kasa yin riba, in abin da take sha ya fi abin da take kawowa.

Fijo a baƙon wuri

A nan akwai wani labari da zai ba mutanenmu mamaki. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa cikin 1968, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka cikin 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Shekara kusan talatin ana yin ta a can. Gwamnati ita take saya, masu haya ita suke ɗora wa mutum bakwai da kaya, kuma ko a ƙauye ta tsaya ba a rasa wanda zai tashe ta. Wanda ya ce wa ɗan tasha na wancan zamani akwai garin da Fijo za ta kasa, dariya za a yi masa.

Amma haka aka yi. A farkon shekarun 1980, sa'ad da fetur ya yi tsada, an sa ɗaruruwan Peugeot 505 masu shan gas, watau dizal, cikin aikin tasi a New York. Fasinjoji sun yaba da laushin kujerunta, man da take sha kuma kaɗan ne. Cikin 'yan shekaru sai ga shi sun ɓace daga titi. Dillalan Peugeot a Amurka ba su da yawa, kayan gyaranta daga ƙetare suke zuwa da tsada, makanikan gareji kuma hannunsu ya saba da Ford da Chevrolet. Motar da za ta kwana uku tana jiran kaya ta yi hasarar kuɗin aikin direba shida. Kamfanin kansa, wanda ya sayar da mota wajen 20,000 a Amurka cikin 1984, ya ga cinikinsa ya faɗi ƙasa da 5,000 cikin 1990, ya tattara ya bar kasuwar cikin 1991.

Kamfani ɗaya ne ya yi motar Kaduna da ta New York, injiniyoyi ɗaya, ƙarfe ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne abin da ke kewaye da motar. A Kaduna masana'anta na nan, kaya na kasuwa, makaniki na kowace kwana. A New York ba ko ɗaya. Wannan shi ne darasi na biyu, kuma ya fi kowane muhimmanci: rabin ƙarkon mota yana cikin kasuwar kayan gyara ta garin da take aiki.

Zamanin Crown Victoria

Bayan Checker, motoci biyu suka raba aikin, Chevrolet Caprice da Ford Crown Victoria. Cikin 1996 kamfanin General Motors ya daina ƙera Caprice, ya mai da masana'antarta ta Jihar Texas wurin yin manyan motocin da suka fi kawo riba. Fili ya zama na Ford. Kafin tsakiyar shekarun 2000, cikin kowace tasi goma a New York tara Crown Victoria ne.

Dalilin farin jininta a bayyane yake. Ƙirarta ta dā ce: akwai ƙashin baya na ƙarfe mai kama da tsani, wanda makanikai ke kira shasi, sa'an nan a ɗora jikin mota a kansa. In an yi karo, sau da yawa jikin ne ke lotsawa, ƙashin bayan yana nan. Injinta mai silinda takwas ne, lita 4.6, ba ya wahala wajen jan ta, kuma akwai sarari a kewayensa da hannun makaniki zai shiga. Tayoyin baya ke tura ta, saboda haka na gaba ba su da aiki sai juyawa. Abin da ya fi wannan duka kuwa, ita ce motar 'yan sandan Amurka, kuma ƙashin bayanta da injinta ɗaya ne da na Mercury Grand Marquis da Lincoln Town Car. Ita Town Car ɗin ita ce motar haya ta unguwannin Harlem da Bronx, inda tasi ruwan ɗorawa ba su cika zuwa ba, inda kuma direbobi da yawa 'yan Afirka ta Yamma, har da Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya, suke neman abinci. Da yake motocin sun yi yawa haka, kayansu sababbi da na hannu sun yi araha, ana samunsu dare da rana. Ba abin mamaki ba ne a ga Crown Victoria ta wuce mil 300,000.

Cikin 1996 hukuma ta kafa wa tasi wa'adi: ta gareji mai direba biyu shekara uku, ta mai tuƙa abinsa shekara biyar. Daga baya aka mai da wa'adin shekara bakwai. Wannan ya sake lissafi. Motar da za ta iya shekara ashirin ba ta da wani amfani na musamman ga wanda doka za ta raba shi da ita kafin nan. Abin da yake nema shi ne wadda za ta cika wa'adinta ba tare da an sauke mata inji ba, sa'an nan ta sami mai saye a wani gari.

Aibinta ɗaya ne, shan mai. Sa'ad da magajin gari Michael Bloomberg ya tayar da maganar cikin 2007, lissafin da aka bayar shi ne tana yin mil 14 da galan ɗaya a cikin gari, watau wajen kilomita 6 da lita ɗaya. Ranar 15 ga Satumba 2011 aka ƙera ta ƙarshe a masana'antar St. Thomas ta ƙasar Kanada, Saudiyya kuwa aka kai ta.

Motoci masu haɗin fetur da lantarki

Cikin 2005 birnin ya yarda a yi tasi da motoci masu haɗa injin fetur da batir, Ford Escape irin wannan ce ta fara shiga aiki. Masu gareji da yawa sun yi shakka. Suka ce ƙarama ce, ba za ta jure ramukan titi ba, batirinta kuma in ya mutu kuɗinsa zai cinye ribar. Da Bloomberg ya ce lalle kowace tasi ta zama irin wannan kafin 2012, sai suka kai ƙara. Kotun tarayya ta tsayar da dokar cikin 2008, ta ce ƙayyade shan man mota aikin gwamnatin tarayya ne, cikin 2011 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar da birnin ya yi.

Abin da doka ta kasa, lissafi ya yi shi. Bari mu auna. Motar da ke yin mil 70,000 a shekara, tana cin galan ɗaya kowace mil 14, za ta sha galan 5,000. Wadda ke yin mil 30 da galan za ta sha wajen 2,300. Bambancin galan 2,700 ne. Cikin bazarar 2008 galan ya haura dala 4 a Amurka, ke nan ragowar ta fi dala 10,000 a shekara ɗaya. A New York kuwa direba ne ke sayen mai daga aljihunsa, saboda haka direbobi suka fara neman garejin da ke da irin waɗannan motoci.

Sa'an nan aka ga wani abin da masu shakka ba su zata ba, watau motocin ba su cika zuwa wurin gyara ba. Dalili yana cikin ƙirarsu. In direba ya taka birki, injin lantarki ne ke fara rage gudun motar, yana mai da ƙarfin tafiyar caji a batir, saboda haka takalmin birki yakan daɗe bai cinye ba. In an tsaya a danja injin fetur yakan mutu da kansa, ba ya ta ƙona mai a banza. Giyar irin ta Toyota da ta Ford Escape kuma ba ta da kuloci da faya-fayan da ke goguwa kamar giya mai sarrafa kanta ta sauran motoci, 'yan haƙoran ƙarfe ne kawai da injinan lantarki biyu. Tafiyar tsaya-ka-tashi, wadda ke kashe sauran motoci, ita ce abincin wannan. Da Ford ya dakatar da Escape mai haɗi bayan ƙirar 2012, sai Toyota ta gaje wurin da Camry da Prius, daga baya da RAV4 da Sienna. Direbobin Uber da makamantansa, waɗanda motocinsu suka kai wajen 80,000 a birnin cikin 2018, kowa da kuɗinsa ko bashinsa yake saye, kuma Camry suka fi saya.

Motar da hukuma ta zaɓa

Ana cikin haka birnin ya yi wani gwaji dabam. Ya ce zai zaɓi mota ɗaya tak ta zama tasin New York. Kamfanoni uku suka kai ƙarshen takara, Ford da Nissan da Karsan na Turkiyya. Cikin Mayun 2011 aka ba Nissan, da motarta NV200, kwangilar shekara goma wadda aka ƙiyasta darajarta dala miliyan dubu. Motar tana da ƙofofi masu zamewa, da rufin gilashi don baƙi su ga dogayen benaye, da wurin cajin waya. Ta fara aiki cikin 2013, bayan shari'a mai tsawo kuma aka wajabta ta cikin Satumban 2015. Amma masu tasi ba su so ta ba. Fetur zalla take sha a lokacin da suka ɗanɗani ragowar mai, direbobi kuma suka yi ta kukan girgiza da yawan gyara. Cikin Yunin 2018 hukuma ta janye wajabcin, alhali waɗanda ke kan titi ba su kai 3,000 ba. An zaɓe ta ne da idon fasinja, wanda zai yi minti goma sha biyar a ciki, ba da idon wanda zai biya kuɗin mai da na gyara shekara bakwai ba.

Manyan motoci

Wajen manyan motoci ma New York tana da abin faɗi. Kamfanin Mack, wanda tankokinsa suka daɗe suna jigilar mai a hanyoyin Nijeriya, a Brooklyn 'yan'uwa Jack da Gus Mack suka kafa shi cikin 1900, kafin su koma Allentown ta Jihar Pennsylvania cikin 1905. Sojojin Ingila ne suka yi wa motarsa laƙabi da sunan wani kare mai taurin kai a Yaƙin Duniya na Farko, shi ya sa siffar karen take bisa hancin kowace Mack. Tun 2001 kamfanin yana hannun Volvo na ƙasar Suwidin.

Hukumar kwasar shara ta New York tana da motocin shara fiye da 2,000, galibinsu Mack. Tsayawa a kan iri ɗaya dabara ce: makanikan hukumar iri ɗaya za su koya, ma'ajinta kaya iri ɗaya zai tara, direba kuma kowace ya hau ya san ta. Motocin nan aiki biyu gare su, domin in ƙanƙara ta zuba sai a ɗaura musu garma a gaba su share tituna. Daga 2020 hukumar ta gwada Mack mai aiki da batir zalla. Wajen kwasar shara ta yi abin da ake so. Amma cikin 2022 shugabar hukumar ta lokacin, Jessica Tisch, ta shaida wa majalisar birni cewa wajen ture ƙanƙara batirin yakan ƙare cikin awa huɗu, alhali aikin na awa goma sha biyu ne. Mota ɗaya, kamfani ɗaya, ta ci jarrabawa a aiki ɗaya ta faɗi a ɗayan.

Wajen rarraba kaya cikin lunguna kuwa, ƙananan manyan motocin Japan masu gajeren hanci, Isuzu da Hino, su suka yi yawa, domin direba yana zaune bisa inji, motar tana juyawa a ƙuntataccen wuri. Mai karatu zai yi mamaki in ya ji Toyota Hilux, sarauniyar hanyoyin Sahel, ba a sayar da sabuwarta a Amurka tun 1995, sa'ad da Tacoma ta maye gurbinta. Tun 1964 akwai harajin kashi 25 cikin ɗari a kan akori-kurar da aka ƙera a waje, wannan yana cikin abin da ya taimaki Ford F-Series ta riƙe kambun ciniki tun 1977. Yawan ganin mota a titi, ashe, wani lokaci labarin kwastan yake bayarwa.

Abin da masu ƙididdiga suka gani

A garin Yonkers, dab da New York, akwai ƙungiyar Consumer Reports, wadda aka kafa cikin 1936. Ba ta karɓar talla, motocin da take gwadawa da kuɗinta take saya, kowace shekara kuma tana tambayar dubban ɗaruruwan masu motoci abin da ya lalace musu. Shekaru da yawa Toyota da Lexus ne kan gaba ko kusa da gaba a jerinta, tare da Honda da Mazda da Subaru, ita Subaru ma ta zo ta ɗaya cikin 2024. Wannan ya yi daidai da abin da masu tasi suka gani.

Sai dai kowane gwani da ranar kuskurensa. Cikin 2016 Toyota ta yarda da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 3,400 saboda tsatsar da ta ci ƙashin bayan Tacoma da Tundra da Sequoia, cikin 2024 kuma ta kira Tundra da wata Lexus wajen 100,000 saboda ɓarɓashin ƙarfe da aka bari cikin injinsu. Ƙididdigar nan ta sha nuna cewa sabuwar ƙira a shekararta ta farko ta fi ba da matsala, wadda aka daɗe ana yi kuwa an riga an gano aibinta an gyara. Checker da Crown Victoria da 504 da Camry duka sun yi tarayya a wannan: an daɗe ana yin su, an yi su da yawa.

Akwai kuma abin da ba ya hannun kowane kamfani, watau doka da kasuwa. Tambarin tasin nan ya kai dala miliyan ɗaya cikin 2011, shekarar da Uber ya shigo birnin. Baƙin haure da yawa suka ci bashi suka saya. Kafin 2019 darajarsa ta faɗi ƙasa da dala 200,000, aka bar mutane da bashin da ya fi ƙarfinsu, har wasu direbobi suka kashe kansu cikin 2018. Sai cikin Nuwamban 2021, bayan yajin cin abinci na kwana goma sha biyar, aka yi yarjejeniyar rage bashin da yawa cikinsu zuwa dala 170,000. Waɗannan mutane ba motarsu ce ta ci amanarsu ba. Cikin 2023 kuma hukuma ta zartar cewa kafin 2030 kowace motar Uber da Lyft sai ta kasance mai batir zalla ko mai ɗaukar keken guragu. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Ga mai niyyar saye

Motoci da yawa da ake sayarwa a Kano da Yamai da Kumasi daga Amurka suka fito, aka sauke su a Kwatano ko Legas ko Tema, wasunsu daga tashar jiragen ruwa ta Newark da ke maƙwabtaka da New York. Saboda haka labarin nan ya zo har ƙofar gida. Motar da ta yi zama a jihohin ƙanƙara, a ɗaga ta a duba cikinta, domin tsatsar gishiri daga ƙasa take farawa fenti yana ƙyalli a sama. Guguwar Sandy ta Oktoban 2012 ta lalata motoci wajen 250,000, kuma irin waɗannan sukan bi ta gwanjo su ƙetare teku, ruwan gishiri kuwa in ya shiga wayoyin mota ba ya fita. Kowace motar Amurka tun daga ƙirar 1981 tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, da ita ake binciken ko ta yi hatsari, ko ta sha ruwa, ko ta yi aikin haya, ko an mai da agogon tafiyarta baya. Wanda ya biya kuɗi bai duba wannan ba ya yi cinikin biri a sama.

Lissafin da mai garejin New York ke yi kowa na iya yin sa a bayan ambulan. A haɗa kuɗin saye, da na mai, da na gyara, da na inshora, da ruwan bashi in akwai, da kuɗin kwanakin da motar za ta yi a kwance ba aiki. A ɗebe abin da za a samu ranar sayar da ita. A raba abin da ya rage da yawan kilomitar da za ta yi. Motar da ta fi araha a ranar saye ba safai take cin wannan jarrabawa ba.

Kafin a je wurin dillali kuwa, a fara zuwa kasuwar kayan gyara, a tambayi kuɗin famfon ruwa da takalmin birki da gilashin gaba na motar da ake so, a ga ko suna kan kanta ko sai an yi oda. A tambayi makanikin unguwa ko yana da na'urar da ke karanta kwamfutarta, musamman in mai haɗin lantarki ce, domin wadda ta yi fice a Manhattan tana iya zama kaya a garin da ba mai iya taɓa batirinta. Sa'an nan a tsaya a tasha a ga abin da masu haya ke saya da kuɗin guminsu, su da ke yin tafiyar shekara biyar cikin shekara ɗaya. Amsar da za a samu a Katsina ba lalle ta zama ta Kumasi ba, ta bana kuma ba lalle ta zama ta shekara goma masu zuwa ba. Amma hanyar neman amsar ɗaya ce a ko'ina, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.